Zauren da Ya Je Damagaram a Cikin Akwati Tara

Duk wanda ya san Boukari Zabeirou a Greensboro ta Amurka ya san shi da farin siminti a gira. Ko ranar Juma'a ce ya sha wanka ya zuba babbar riga, leƙa bayan kunnensa za ka tarar da ɗigon filasta ya bushe a wurin. Matarsa Kaltouma ta yi mita har ta gaji. Ta ce ko a Lahira aka ce a nemo mata mijinta, ba sai an sha wahala ba, a duba wanda ya fi kowa fari a kunne.

Mutumin Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram, kuma gidansu gidan magina ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Malam Zabeirou, yana cikin waɗanda ake kira idan mai hali ya gama gini yana son a yi wa fuskar zaurensa ado. Ba da takarda yake aiki ba, ba da ma'auni ba. Yaɓe ɗanye, da yatsu, da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho da ya gada wurin ubansa, shi ke nan kayan aikinsa. Kuma a gidan nan akwai doka. Ɗa ba ya amsa sunan magini sai ya yi wa fuskar zaure guda ado shi kaɗai, daga sama har ƙasa, uban ya zo ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya yarda, sannan ya miƙa masa wuƙar. Kafin wannan rana, ko furfura ta cika maka kai, sunanka ɗan kwaɓa.

To, Boukari bai samu wannan rana ba. Lokacin da hannunsa ya nuna, masu kuɗin garin sun koma ginin bulo da fenti, babu mai neman ado. Sai ga cacar bizar Amurka ta faɗo a kansa a 1998. Ranar da zai tafi, tsohon bai hana shi ba, bai kuma yi masa baki ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan kwaɓa." Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Da wannan kalma Boukari ya hau jirgi, kuma shekara tara tana nan tana cinsa a rai.

A Greensboro ya fara da wankin kwanuka, ya yi aikin kamfanin kaji, daga baya Allah ya haɗa shi da wani Bakano, Husaini, shugaban ma'aikata a wani kamfanin yaɓen bango. Kun san Kanawa da Damagarawa, ba a haɗuwa a rabu lafiya. Boukari ya yi kuskuren ba shi labarin dokar gidansu wata rana suna cin abinci a bayan mota, shi ke nan ya jawo wa kansa. Kullum da safe sai ka ji Husaini ya ɗaga murya, "Ina ɗan kwaɓa? A kawo cokalin yaɓe!" Boukari ya yi dariya ya rama da cewa Bakano ko kabarinsa sai ya nemi ragi. Amma dariyar iyakarta leɓe.

Aikinsu yawanci a Summerfield yake, inda ake gina manya-manyan gidaje a tsakiyar filaye, ga dawakai suna kiwo a bayan shinge. Bango santsi ake so, sumul kamar ƙwai, kowane gida kamar ɗan'uwansa. Hannun Boukari ya fi na kowa, wannan ko Husaini bai taɓa musu ba.

Ran nan, cikin bazarar 2004, suna gama wani gida, sai ya rage ɗan yaɓe ɗanye a saman ƙofar gareji ta baya. A Birni, magini ba ya barin gidan da ya gama babu alamar hannunsa a saman ƙofa, kamar yadda ba a fita daga gidan mutum ba sallama. Boukari bai yi shawara da kowa ba, don a ganinsa babu abin shawara. Ya sa yatsa ya ja dagi, ɗan ƙarami kamar faifai, ya kewaye shi da ganye huɗu irin na gidansu, ya sauko daga tsani yana jin daɗi. Shi a zuciyarsa kyauta ya yi wa mai gidan.

Kai, ashe tsokano tsuliyar dodo ya yi! Washegari matar gidan ta gani, ta kira mijinta, mijin ya kira kamfani. Wai wani ya zana musu alamar da ba su san ma'anarta ba, wa ya sani ko tsafi ne, ko 'yan daba ne suke sa wa gidan alama. Husaini ya iso yana huci.

"Boukari, kana da hankali kuwa? Nan Damagaram ce? Nan ko ƙusa za ka buga sai an rubuta a takarda! Hau ka kankare abin nan kafin su kore mu gaba ɗaya."

Boukari ya hau tsani da ƙarfen kankara a hannu, kunya da baƙin ciki sun rufe shi. Yana ɗaga hannu sai ya ji muryar mace daga ƙasa, da Hausa garau, "Malam, dakata! Don Allah kar ka taɓa."

Wata mata ce gajera mai tabarau, da hular kwano a ka da naɗaɗɗun takardu a hammata. Sunanta Yemima, 'yar Wusasa ce ta Zariya, mai zana gidaje a ofishin da ya zana wannan gidan, ta zo duba aiki ne. Ta daɗe tana kallon dagin, sannan ta tambaye shi a ina ya koya. Ya gaya mata. Ta ɗauki hoto, ta karɓi lambarsa. Dagin dai bai tsira ba, mai gida ya ce sai an kankare, kuma Boukari ya kankare da hannunsa. Ya koma gida ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Shekara ɗaya da rabi shiru, har ya manta. Sai ga waya wata Asabar, Yemima ce, wai ya zo ofis.

Ta shimfiɗa masa zane a kan tebur, ta kuma nuna masa a kwamfuta. Gida ne za a gina a wani tsibiri mai zafi can cikin teku, daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin Amurka, irin gidan da attajirai ke haya mako guda su huta su tafi. Boukari bai taɓa ganin irinsa ba. Fari fat, a kan dutse, rufinsa shimfiɗe, bangon da ke duban teku gilashi ne tun daga ƙasa har sama, kuma ana tura shi gefe ɗakin ya zama fili. Ga wurin ninƙaya da aka yi wa baki daidai da gaɓar dutsen, in kana ciki sai ka rantse ruwansa da na teku a haɗe suke. Ga bishiyoyin kwakwa, ga ɗakunan kwana biyar kowanne da wurin wankansa a buɗe, sama kawai ke kallonka.

Boukari ya ce, "Tabɗi! Anti, masu wannan gida ba su da surukai ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta sa yatsa a gefen da ke duban hanya. A nan babu gilashi ko kaɗan. Doguwar katanga ce da ɗaki guda mai ƙofa biyu, kuma ƙofofin ba sa kallon juna. Baƙo zai shiga ta farko, ya tarar da inuwa da sanyi, ba ya ganin komai na cikin gida, sai ya karkata ya bi ta biyu, sannan teku ta buɗe a gabansa gaba ɗaya.

Boukari ya dube ta. "Anti, ai wannan zaure ne."

"Zauren kakata ne," in ji ta. "Masu gidan kuwa na gaya musu sabon salo ne, suna ta yaba mini basira. Amma fuskarsa tsirara take, Malam Boukari. Tsawo ƙafa goma sha huɗu, faɗi goma sha takwas. Ina son ka yi mata ado, kai kaɗai."

Boukari ya sake duban katangar nan a takarda. Yana da shekara arba'in da uku, ga fuskar zaure ta zo har inda yake, a ƙasar da ko zaure ba a sani ba.

Ya sauka tsibirin a farkon 2006, kuma tun ranar farko suka saɓa da mai kwangilar ginin. Mutumin ya ce a ba shi zanen adon a takarda ya sa hannu. Boukari ya ce ba shi da shi, shi ma bai san abin da zai fito ba sai hannu ya taɓa bango. Mai kwangila ya kira Yemima a waya yana faɗa, wai ta aiko masa da mutumin da bai san me zai yi ba. Ta ce a bar shi, in ya ɓata a kanta.

Rigima ta biyu ta fi ta farko. An juye masa yashi, Boukari ya tsuguna ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe, kamar yadda ya ga ubansa yana yi wa kowace ƙasa kafin a kwaɓa. Leburori suka fashe da dariya, ga baƙo yana cin ƙasa. Shi kuwa ya tofar ya ce akwai gishiri, ba zai yi aiki da shi ba, yaɓen da aka yi da wannan yashi ba zai shekara biyu ba sai ya kumbura ya zube. Mai kwangila ya rantse wankakken yashi ne, ga takardar shaida. Boukari ya ce shi dai harshensa bai iya karatu ba, amma bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya nemi inuwa ya zauna. Kwana uku aiki a tsaye, aka aika yashi gwaji don a kunyata shi. Da sakamako ya dawo, sai aka ga motoci sun zo sun kwashe yashin, har da wanda aka tanada don katangar wurin ninƙaya. Daga ranar babu wanda ya sake yi masa dariya.

Ya fara daga sama, da bisimilla, bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Yakan yaɓa daidai abin da zai iya gamawa kafin ya sha iska, ya bi shi da yatsu da wata wuƙar cin abinci da ya wasa da kansa. Wuƙar gado tana Birni, ba ta zama tasa ba tukuna. Kwana goma sha tara ya yi a kan katakon da aka kafa masa na hawa. Zane ya riƙa saukowa, igiya tana shiga igiya, ganye huɗu na gidansu a kowace kusurwa, babban dagi a saman ƙofa, duk fari a kan fari, sai rana ta karkata inuwa ta fito da shi. Ranar da aka cire katako, leburorin nan da suka yi masa dariya su ne suka tsaya a gaban bangon suna ɗaukar hoto.

Kafin shekara ta ƙare gidan ya shiga intanet, kuma hoton farko da ake nuna wa masu neman haya ba teku ba ce, ba wurin ninƙaya ba, fuskar zauren Boukari ce. A shagon Hajiya Aissa da ke High Point Road, inda mutanen Nijar ke sayen gero da yaji da katin waya, aka manna hoton a jikin firiji. Kowa ya shigo sai ya ce, "Namu ne fa ya yi!" Har Husaini ya zo ya gani, ya ce ba laifi, Badamagare ya yi abin kai sau ɗaya a tarihi.

Amma Boukari bai yi murnar da aka zata ba, kuma Kaltouma ta san dalili. Shekara uku ke nan idanun Malam Zabeirou sun rufe. An aika masa hoton, ƙanen Boukari, Nouhou, ya sa masa a hannu yana ba shi labari. Tsohon ya shafa takardar gaba da baya ya ce, "Ni santsi kawai nake ji." Ba gardama yake yi ba, gaskiyarsa ce. Doka ta ce uba ya shafa bango, bango kuwa yana tsakiyar teku, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗoriya yana Birni, ko masallaci sai an riƙe shi.

Kaltouma ce ta kai kuka wurin Yemima, ba tare da sanin mijinta ba. Yemima ta ce akwai wata roba mai ruwa da masu gyaran tsofaffin gine-gine ke shafa wa bango. In ta bushe a ɓare ta, sai ta fito da kowane layi, har sawun yatsa. A zuba filasta a cikinta, a sami bangon sak. Ta nemi izinin masu gidan, suka ba da kwana biyu tsakanin baƙi da baƙi. Boukari ya koma ya ɗauko sawun tsakiyar aikin a robar, dagin saman ƙofa da igiya da ganyen da ke kewaye da shi, ya zo ya zuba filasta a garejin Husaini, ya yanka shi gida tara, ya sa wa kowanne lamba a baya.

Saura kaiwa. Ta jirgin ruwa wata da watanni ne, kuma a farfashe zai isa. Wanda ya san mutanenmu kuwa ya san babu abin da ya kai gurbin akwati tsada ga mai tafiya gida. Kowane lungu an riga an yi alkawarinsa, takalmin wance, maganin wane, turaren gwaggo. Ka ce wa mutum ya ajiye kilo bakwai na tsaraba ya ɗauki dutse? Boukari ya ce shi ba zai iya roƙon wannan ba.

Hajiya Aissa ta ce, "Kai ba ka iya ba, ni na iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Ta ajiye guntayen a bayan kanta, kowanne a naɗe cikin tsohon bargo. Duk wanda ya shigo sayen tsaraba ta san tafiya ta zo, sai ta tare shi. "Alhaji, yaushe ne tashin? To, ga amanar tsoho." Wani direban tasi ya yi ƙoƙarin zillewa, ta ce masa, "Ba komai, je ka. In ka isa ka gaya wa mutanen Birni kai ne ka bar bangon Malam Zabeirou da giɓi." Ya dawo ya ɗauka. Na shida ya fashe a hanya, aka sake zuba wani. Ana cikin haka tsohon ya kwanta ciwo da damina, Boukari ya rame, kullum yana lissafin guda nawa suka rage. Na taran Hajiya Aissa da kanta ta kai shi, a jakar hannu, ta bar atamfofinta a Greensboro.

Wata Lahadi ce cikin Nuwamban 2007, da hantsi a nan, la'asar a can. Boukari ya kankare katin waya ya kira, Kaltouma na tsaye a kansa. Nouhou ya ɗauka ya ce an jera su a kan rairayi a tsakar gida, an fito da Baba an zaunar da shi a gabansu.

"Ya sa hannu," in ji Nouhou a hankali. "Ya fara daga sama."

Boukari yana jin kukan akuya da muryar mai tallan ƙosai daga Birni, amma ba ya jin ubansa. Matar cikin katin ta shigo da Turancinta ta ce saura minti biyar. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai ga muryar tsohon, ta dushe amma tana nan da kaifinta.

"Boukari."

"Na'am, Baba. Ina jin ku."

"Wa ya kama maka?"

"Ba kowa, Baba."

"Ka ɗanɗana ƙasar?"

"Na ɗanɗana. Ta farko da gishiri, na mayar."

"Hm." Sannan ya ce, "Nan wajen hagu, ganye na uku. Hannunka ya gaji, ka yi sauri."

Boukari ya runtse ido. Gaskiya ne. Ranar rana ta taso masa, yaɓe yana shan iska, ya ja ganyen da gaggawa. Masu gidan ba su gani ba, Yemima ba ta gani ba, dubban da suka kalli hoton ba su gani ba. Makaho ya gani daga Damagaram.

"Haka ne, Baba. Ku yi haƙuri."

"Ni ma a zauren farko na yi irinta, a daidai wurin. Kakanka ya ja mini kunne." Sai aka ji ya juya yana magana da na kusa da shi. "Nouhou, shiga ɗaki, ƙarƙashin buzu, ɗauko wuƙar nan. Ka kai wa Hajiyar da ta kawo na ƙarshe. Ka ce ta kai wa magini."

Katin ya yanke a nan, ko sallama ba su yi ba. Boukari ya zauna riƙe da waya, ƙato da shi, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Kaltouma kuwa ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabciyarsu Ba'amurkiya ta fito da gudu tana tambaya ko a kira motar asibiti.

Bayan mako uku Hajiya Aissa ta dawo. Ranar Litinin da safe, a wani sabon gini a Summerfield, Husaini ya sauko daga mota ya buɗe baki kamar kullum, "Ina ɗan..." Sai idonsa ya faɗa kan ƙotar ƙaho da ke leƙowa daga aljihun Boukari, baƙa, ta sha hannun mutum uku. Ya tsaya. Ya cire hular kwanonsa, abin da bai taɓa yi wa mai kamfanin ba.

Ya ce, "Magini, ina kwana. Ta ina za mu fara?"

Boukari ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya ce, "Daga sama."